GARI YANA FAƊI, TALAKA BA SHI DA ƊAKI

 Wanda takardar ga ta shiga hannunsa, in ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba, in ya gama kuma ya miƙa ta gaba, domin maganar da ke cikinta ta shafi kowa. Maganar wurin kwana ce.

Duk wanda ke zaman haya a Yamai, ko Maradi, ko Damagaram, ko Tawa, ya san yadda ƙarshen wata yake. Tun ranar ashirin da biyar barci ya fara ƙaura ma idonsa. Ga mai gida ya aiko, ga dillali yana kawo baƙi suna leƙen ɗaki alhali mai ɗakin bai tashi ba, ga sanarwa wai daga wata mai zuwa an ƙara jika biyar, wanda bai iya ba ya nemi wani wuri. Tun daga watan Janairu na 2024 albashi mafi ƙanƙanta bisa doka a ƙasar ga sefa dubu 42 ne, watau jika 42. Ku da kanku kun san nawa ake ba da ɗaki da falo a unguwar da ke da pampo da wuta, kun kuma san wata nawa ake cewa a biya tun kafin a ba mutum makulli. Ku yi lissafi, ku gani abin da ya rage ma hatsi da cefane da magani da lakwal ɗin yara.

Ni mai rubutun ga na sauya gidan haya sau biyar cikin shekara tara, kuma ko sau ɗaya ba don na ci kuɗin kowa ba. Na san wani magini wanda ya yi fiye da shekara ashirin yana ɗora ma mutane bulo, amma shi da matarsa da ɗiyansa shida suna cikin bukka a filin wani mai hali, da sunan gadi. Ran da mai fili ya tashi gini, ran nan za a ce su kwashe. Irin waɗanga bukkoki suna nan birjik bayan katangu a Yamai, duk mai ido ya gan su.

In an tambayi dalili, sai a ce mutane ne sunka yi yawa. Gaskiya ne mun ƙaru. Sa'ad da munka sami mulkin kai a 1960 mutanen Yamai wajen dubu 30 ne. Ƙidayar 1988 ta same su kusan dubu 400, ta 2012 kuma ta same su sun wuce miliyan 1, Maradi ta wuce dubu 260. Amma fa mu tambayi kanmu: ƙasa ce ta yi muna kaɗan? Ƙasarmu ta fi Faransa girma ninki biyu. Ka hau mota daga tsakiyar Yamai ka nufi kowace kusurwa, za ka yi tafiya mai nisa kana ratsa filaye masu katanga, babu kowa ciki sai ciyawa da tumfafiya. Gari mai wannan fili har a ce ya rasa inda zai kwantar da ɗiyansa? Ruwa ba ya tsami banza. Akwai dalili, kuma dalilin yana cikin yadda ake yanka gari da yadda ake ba da iznin gini.

DAGA INA AWON YA FITO

A 1926 Nasara ya ɗauke babban birni daga Damagaram ya kai Yamai, zamanin Gwamna Brévié. Da aikin tilas anka gina ta, aikin da ba a hana ba sai a 1946. Da sunka zo tsara garin, sai sunka raba shi biyu. Bisa tudu, inda iska ke kaɗawa, sunka yanka ma kansu manyan filaye, gida guda tsakiyar fili, itatuwa kewaye, hanyoyi masu faɗi. Wannan ita ce Filato. Baƙar fata kuma anka tura shi ƙetaren kwarin Gunti Yena, wai don kada ya kai musu cuta. Bayan gobarar 1935 anka hana bukka cikin gari, anka sake jera mutane layi layi. Haka anka yi a Dakar tun 1914, da annoba ta faɗa anka kwashe baƙar fata anka kafa musu Madina. A Damagaram ma ga Birni, ga Zango, ga bariki da unguwar Nasara a ware. A Maradi, da ruwan Gulbi ya ci tsohon gari a 1945, sabon garin da anka yanka bisa tudu da awon kumandan anka yanka shi.

Bayan rabon unguwa sai rabon takarda. Dokar 1932 ta ce fili ba ya zama mallakar mutum sosai a idon hukuma sai an rubuta shi cikin babban littafin filaye. Dokar 1935 ta ce duk ƙasar da ba ta da mai ita, ko wadda anka bari shekara goma ba a aikata ba, ta gwamnati ce. Mai gini da siminti da dutse shi ake ba takardar mallaka. Mai ginin laka kuwa sai a ba shi takardar iznin zama, wadda kumanda ke iya karɓewa in ya ga dama. Kun ga ke nan tun daga tushe an riga an raba: wannan gida ne, wancan mazauni ne na wucin gadi.

Nasara ya tafi, tuta ta sauya, amma igiyar awo da ya bari ita ce har yau a hannun masu awo. Babban ma'aikaci ya shiga gidan kumanda ya ga ya yi masa daɗi, sai ya ɗauka duk gida na kirki haka ya kamata ya zama: fili babba, katanga doguwa, iyali guda. Kwara Kano ƙanwar Filato ce. Hatta lotisma da ake yanka ma talaka, da wannan tunani ake yanka ta, filaye daga metir 200 har 600, kowane an ɗauka na mutum guda ne mai ginin ƙasa ɗaya. Wanda ba shi da kuɗin irin wannan fili fa? Shi ne ya tafi ya kafa Talaje, shi ne ya gangara ramun Peyiba, shi ne ya sayi gefen gona a bakin kogi da takardar mai gari. Sa'an nan a juyo a ce masa ya karya doka.

LISSAFIN DA KOWA ZAI IYA

Kuɗin gida kashi uku ne: kuɗin fili, kuɗin gini, da kuɗin takarda. Buhun siminti kusan kuɗinsa ɗaya ko a tsakiyar gari ko a bayan gari. Abin da ke sa gida a tsakiyar gari ya fi na bayan gari tsada ninki ba ninki shi ne fili. Fili kuma ba don ƙasarsa ake sayensa ba, domin ƙasar Filato ba ta fi ta ƙauyenku kyau ba. Ana sayensa don abin da ke kusa da shi: kasuwa, asibiti, lakwal, wurin aiki, pampo, wuta, kwalta. Daji yana da yawa. Fili mai waɗanga abubuwa kusa shi ne kaɗan, shi ne kowa ke rububi.

To, a ce ga fili cikin gari, faɗi metir 20, tsawo metir 30, watau metir 600. A ce, don misali, kuɗinsa miliyan 12. In iyali guda za su zauna, su kaɗai za su ɗauki miliyan 12 tun ba a aza tubali ko guda ba. In an yanka shi huɗu, kowane metir 10 da 15, kowa miliyan 3. In kowane yanki an yi masa bene, iyali guda ƙasa guda sama, iyali takwas ke nan, kowa miliyan 1 da rabi.

Wani zai ce, ai ran da masu filaye sunka ji an yarda a yi haka, ran nan za su ƙara kuɗi. Gaskiyarsa, ba mu musu. Fili da ake iya gina ɗaki da yawa bisansa ya fi daraja. Amma a ce ya tashi daga miliyan 12 ya koma 18. Raba 18 gida takwas, kowa miliyan 2 da dubu 250. Mai fili ya ci riba, mai neman gida kuma ya sami abin da jiya ko a mafarki bai isa ba. Metir ya yi tsada, gida ya yi araha. Wannan ita ce maganar da muke so kowa ya riƙe.

Ga lissafi na biyu. Hekta guda metir dubu 10 ce. A cire dubu 4 don hanyoyi da lakwal da masallaci da kasuwa, saura dubu 6. In an yanka 600 600, gida 10. In an yanka 150 150, gida 40. Bututun ruwa da za a shimfiɗa, da wayar wuta, da lambatu, da kwalta, tsawonsu kusan ɗaya ne. Ko dai gida 10 su ɗauki nauyin, ko gida 40. Abin da ya sa unguwanninmu na bayan gari ke shekara da shekaru babu pampo ke nan: garin ya baje har bututu ya kasa cim masa. Mutanen Damagaram, da garinsu ke zaune bisa dutse ana jawo masa ruwa daga nesa, sun fi kowa sanin abin da kowane metir na bututu ke ci. Kuma inda babu pampo sai ga-ruwa, kuma kowa ya san ruwan ga-ruwa ya fi na pampo tsada. Talaka shi ke shan ruwa mafi tsada a gari.

Sa'an nan ga kuɗin mota. Wanda ya gudu daga tsadar haya ya koma bayan gari, kullum sai ya biya taksi ko faba-faba ko kabu-kabu zuwa da dawowa, matarsa haka, ɗiyansa haka. Abin da ya rage wajen mai gida ya ba mai mota, ya kuma ƙara da awa biyu bisa hanya. An gudu ba a tsira ba.

FILI YA ZAMA ASUSU

Akwai wata cuta kuma, ita ce mayar da fili kuɗi. Hukumomin gari da yawa sun daɗe ba su da wata saniyar tatsa sai lotisma. In asusu ya bushe sai a shiga gonakin mutane, a kafa duwatsu, a sayar da takardu, masu gona a ba su ɗan rabo. A farkon shekarun 2000 har gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashinsu da filaye. Ma'aikacin da ya yi wata da watanni ba albashi, da me zai gina? Da yawa sun sayar da takardar da araha, ta koma hannun masu hali. Daga baya ƴan kasuwa ma sunka shiga yankan filaye, har ta kai fili guda ya fito da takarda biyu ko uku, masu shari'a sun gaji da ƙarar fili. Hatta dajin dogon yaro da anka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, wajen hekta 2,500, don ya tare ƙura da iska, an ci shi gefe gefe.

Mai kuɗi a ƙasar ga ya gane fili ba ya ciwo, ba ya mutuwa, ba ya cin dusa, ɓarawo ba ya ɗauka. Sai ya sayi goma, ya kewaye, ya kwanta. Gwamnati ta kawo kwalta da kuɗin jama'a, ta kawo wuta da kuɗin jama'a, filinsa ya ninka, shi ko cebur bai ɗaga ba. Wannan riba guminsa ce? Gumin masu biyan lanho ce. Kuma muddin ajiye fili ya fi gina shi riba, to, za a yi ta yanka, ba za a gina ba, haya kuma ta yi ta hawa.

Ba mu ce ba a yi kome ba. An kafa SONUCI tun farkon mulkin kai. An yi dokar manufar gidaje ta ƙasa a 1998. An buɗe bankin gidaje a 2018. An rage kuɗin siminti a 2024, ga kuma masana'antar Malbaza. Amma gidajen da anka gina ta waɗanga hanyoyi, in an gwada su da bukata, ɗigo ne cikin tulu, kuma yawancinsu sai mai albashi da takardar banki ke kai gare su. Mai tebur, da mai wanki, da mai baro, da mai tuyar ƙosai, wane banki ya san da su? Su ne kuwa mafi yawa a gari.

ABIN DA KE BISA MIZANI

Kada wani ya ɗauka maganar kuɗi ce kaɗai. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya cika irin cikar da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, ya fasa madatsa, ya shiga Lamorde da Kirkisoy da Saga, mutane sunka kwana cikin azuzuwan lakwal. A damanar 2024 ruwa ya kashe kusan mutum 400 a ƙasar ga, ya taɓa fiye da miliyan 1 da rabi, Maradi na cikin wuraren da abin ya fi muni, har anka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba. Allah ya jiƙan waɗanda sunka rasu. Ruwa na Allah ne, ba mai ja. Amma wa ke kwana cikin kwari da bakin gulbi da hanyar ruwa? Wanda tudu ya fi ƙarfinsa. Duk fili da anka kewaye anka bari bisa tudu, akwai iyalin da ya tura cikin kwari. In damana ta zo sai a kai musu shinkafa da tabarma da bargo a ɗauki hoto. Rigakafi ya fi magani.

Manoma kuma su saurara. Garin da ke bajewa gonakinku yake ci. Gonar da ta ciyar da gida tun kaka da kakanni, a sayar da ita rana guda, a sayi babur a yi biki, shekara biyu kuɗi ya ƙare, jikan mai gona ya koma gadi a filin kakansa.

MASU CEWA A'A

Akwai masu cewa matsa gidaje cunkoso ne, cunkoso kuma cuta. Wannan ita ce maganar da Nasara ya yi, sai mu auna ta. Cunkoso shi ne mutum tara cikin ɗaki guda, gida goma bisa salga guda. Wannan kuwa yau muke cikinsa, kuma ƙarancin ɗaki ya kawo shi. Ɗaki da yawa bisa fili guda, kowane iyali da ƙofarsa da makewayinsa da pamponsa, shi ne maganin cunkoso.

Akwai masu cewa al'adarmu tana son zaure da tsakar gida da sutura, ba mu iya zaman bene. Su tafi Birnin Damagaram su gani, su tafi tsohon garin Agadas. Gidaje manne da juna, lungu mai inuwa, soro bisa soro, kowane gida da zaurensa da tsakar gidansa, mata cikin sutura, kuma ɗaki da sanyi ba na'ura. Hasumiyar masallacin Agadas metir 27 ce, da laka anka yi ta. Kakanninmu sun iya gari mai matsi tun Nasara bai zo ba. Gida guda tsakiyar fili kamar kabari shi ne baƙo. A Yamai ma an gwada a zamanin ga: a 2016 wasu masu zanen gini, cikinsu har da ɗiyar ƙasa Mariam Issoufou, sun gama gidaje shida masu bene da tubalin ƙasa matsattse, manne da juna, kowane da tsakar gidansa, anka sa musu suna Niamey 2000.

Akwai masu cewa ai ginin laka shi ke faɗuwa da damana, har tsohon masallacin Birnin Damagaram ya faɗi a 2024. Gaskiya ne, kuma abin baƙin ciki. Amma abin da ke kashe ginin laka sananne ne: ruwa ya kwanta a gindinsa, ko rufi ya yi yoyo, ko a bar shi babu yaɓe. A yi masa tushe na dutse da siminti, a yi masa indararo, a fitar da shi daga hanyar ruwa, a koya ma magina awo, sa'an nan a ba shi takarda daidai da ginin bulo. Bene kuwa kada kowa ya ɗora sai masani ya duba tushe, domin ba mu neman araha da ran mutane.

Akwai kuma, cikinmu ƴan haya, masu cewa a bar dogon zance, hukuma ta yanke kuɗin haya da doka kurum. Muna tare da su wajen hana zalunci: a ƙayyade watannin da ake biya gaba, a hana korar mutum dare ɗaya, a san iyakar ladan dillali. Amma mu dubi maƙwabta. A Burkina, zamanin Thomas Sankara, an yafe ma ƴan haya kuɗin shekarar 1985 baki ɗaya, an kuma yanka dubban filaye a Wagadugu, duk da haka unguwannin da ba su da awo sun sake tsirowa bayan gari. A Senegal an yi doka a 2014 an rage haya, ƙananan gidaje har da kashi 29 cikin ɗari, amma masu gidaje sunka riƙa fitar da tsohon ɗan haya su sa ma sabo sabon kuɗi, har a 2023 sai da anka sake wata dokar. In mutum goma na neman ɗaki guda, ko an rubuta kuɗinsa a bango, wani zai biya ta bayan fage. Doka tana kare wanda ke cikin ɗaki, amma ba ta haifar da ɗaki. Sai an gina.

Manyan ƙasashe ma sun sha wannan darasi. A Amurka, a 1926, shekarar da anka kai babban birninmu Yamai, kotun ƙoli ta halatta ma garuruwa su ware unguwanni da doka. Garuruwa da yawa sunka hana gina kome a mafi yawan unguwanninsu sai gidan iyali guda, kuma inda aiki ya yi yawa anka hana gini, kamar Kalifoniya, gida ya gagari malamin makaranta. A birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan kuwa, a 2016 sunka buɗe wajen kashi uku cikin huɗu na filayen zama, sunka ce a matsa a hau sama, cikin ƴan shekaru iznin gini da ake bayarwa ya ninka. A Adis Ababa gwamnati ta gina benaye masu yawa, abin yabo, amma da yawansu can bayan gari, kuma kuɗin shiga ya fi ƙarfin talaka na sosai. Darasin ke nan guda biyu: a bari a gina da yawa, kuma a gina kusa.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya. A kowace sabuwar lotisma a ware rabo mai yawa na ƙananan filaye, metir 100 zuwa 150, a sayar ma wanda ba shi da ko guda, a biya kaɗan kaɗan, mace da namiji daidai.

Na biyu. Kada a sake sayar da fili ko guda sai an kai ruwa, an fitar da hanya da lambatu, an kuma tabbata ba hanyar ruwa ba ce. Dutse huɗu cikin daji ba unguwa ba ne.

Na uku. A tsofaffin unguwanni masu pampo da wuta a sauƙaƙa ma mai gida ya raba filinsa, ko ya ƙara ɗakuna, ko ya hau bene guda ko biyu, ko ya buɗe shago a ƙofa. Magada in sun raba gidan ubansu, kowa ya sami takardarsa da araha, kada tsadar takarda ta sa su sayar su watse.

Na huɗu. Fili da anka bari babu gini cikin gari shekara da shekaru a aza masa lanho mai hawa kowace shekara. Talaka mai fili guda da ke tara kuɗin bulo a ɗaga masa. Mai goma ya gina, ko ya sayar, ko ya biya. Kuɗin kuma a sa shi wajen bututu da lambatu, a karanta ma jama'a lissafi.

Na biyar. Unguwannin da sunka tashi ba da awo ba, in ba cikin kwari suke ba, a gyara su inda suke, a fitar da hanya, a ba mutane takarda. Na cikin kwari a ba su wuri bisa tudu kusa da abincinsu tun kafin ruwa ya zo, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na shida. Littafin filaye ya zama a buɗe. Kowa ya iya zuwa ya ga wa ke da wane fili, wa ya ba shi, nawa ya biya. Mai gaskiya ba ya tsoron fitila.

Na bakwai. Iznin ginin ƙaramin gida ya zama takarda guda, ofishi guda, kuɗi sananne a rubuce a ƙofa, da kwanaki ƙidayayyu. Hukuma ta buga zanen gidaje iri iri, na laka da na bulo, ta ba da kyauta.

Cikin bakwai ɗin ga babu wanda ke bukatar a tafi roƙo ƙasashen waje. Galibinsu alƙalami ne da niyya. Abin da ya sa ba a yi ba, mu faɗi gaskiya, shi ne masu riƙe da alƙalamin da yawansu su ne masu filayen. Ba mu kama sunan kowa ba, gyara kayanka kuma bai zama sauke mu raba ba. Masu gidajen haya ma ba abokan gabanmu ba ne: tsohuwar da ta gina ɗaki uku a gidan mijinta tana ci da marayu, ta fi mai katanga goma amfani ga gari, irinta muke so su yawaita.

Saboda haka, ƴan'uwa, a tashi tsaye. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. A kowace unguwa a zauna, a ƙidaya filayen da ke kwance babu gini, a ƙidaya iyalan da ke cikin bukka da waɗanda ke hanyar ruwa, a rubuta, a kai ma mai unguwa da hukumar gari, a nemi amsa a rubuce. In sun yi shiru a koma, a sake komawa. Malamai su faɗa a masallaci, mata su faɗa wurin biki da wurin adashi, samari su faɗa a fada maimakon shayi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyayenmu sun nemi mulkin kai don ɗan ƙasa ya zauna ƙasarsa da mutunci. Mutumin da ke ɗaure kayansa duk shekara yana neman inda zai aje ɗiyansa, har yanzu ƙetaren Gunti Yena yake, ko da an sauya sunan titi. A karɓe igiyar awo daga hannun kumanda, a auna gari da tsawon talaka.

Allah ya ba kowa wurin kwana na halal, ya kai mu damana lafiya, ya fitar da mu lafiya. Haza wassalam.